Kafin ka biya kuɗin kamiyo, durƙusa ka ƙirga pon



Kowace shekara da zarar kaka ta yi, aya da wake da riɗi suka fara fita kasuwa, maganar sayen babbar mota takan tashi. Wanda ya dawo daga bida a Libiya ko Aljeriya ko Abijan yana da ɗan abin da ya tara. Wani ya sai da shanu, wani ƴan gidansu suka haɗa mishi, wani har gona ya jinginar. Burin guda ne: a samu kamiyo okaziyo mai shan gazuwal, a riƙa kwasar buhuna daga kasuwannin ƙauye zuwa Maraɗi, ko a gangara Ɗan Isa a tsallaka Jibiya. Tambayoyin da ke iso mu a gidan rediyo kusan iri ɗaya ne. Mercedes ta fi ko DAF? Renault fa? Howo ta ƙasar Sin tana ƙarko? Tambayoyi ne masu kyau, amma da wuya mu ji wanda ya tambayi abin da ke ƙarƙashin motar: esiye nawa gare ta a baya, kuma guda nawa ne a cikinsu injin ke juyawa. A ganinmu wurin nan ne ake cin riba ko a karye, kuma wannan shawara ya kamata a yanke tun kafin a zo maganar marka da fenti.

Bari mu fara da sunaye, don da su ake ruɗa mai saye. Esiye shi ne sandar ƙarfen nan da ta ratsa ƙarƙashin mota daga wannan gefe zuwa wancan, tayoyi na maƙale a bakinta biyu. In esiyen yana da wata babbar tukunya a tsakiya, ga kuma dogon ƙarfe mai juyawa da ya taho daga buwat ya shige ta, shi makanikai ke ce ma pon. Pon shi ke tura mota. Esiyen da babu tukunya a jikinshi nauyi kawai yake ɗauka, jan shi ake yi. Lambobin nan da kuke gani a takardu, 4x2, 6x2, 6x4, bayanin wannan ne: ta farko tana faɗin ƙafafu nawa motar ke da su, ta biyu tana faɗin guda nawa ke turawa, kuma taya biyu da aka haɗa wuri guda ƙafa ɗaya ake ƙirga su. Saboda haka 4x2 ita ce mai taya shida da kowa ya sani, esiye ɗaya gaba, pon ɗaya baya. 6x4 ita ce dubul-pon, mai taya goma, duka biyun na baya suna turawa. Ita kuwa 6x2 daga nesa kamarta ɗaya da dubul-pon, esiye biyu ne a baya, amma ɗaya kaɗai ke aiki. Ɗayan ɗan rakiya ne, sau da yawa ma ana ɗage shi sama da iska in babu kaya.

A filin sai da motoci duk biyun sunansu ɗaya. “Alhaji, wagga dis-ru ce, ƙafa goma, ba ta jin kaya.” Dillali bai yi ƙarya ba, in ka ƙirga tayoyin za ka iya samun goman. Abin da bai faɗa ba shi ne huɗu kaɗai ke turawa a ciki, kuma ba zai faɗa ba sai ka tambaya, in ma shi kanshi ya sani.

Me ya sa 6x2 ta yi yawa a cikin okaziyon da ke zuwa mana? Saboda can inda ta fito tana da amfani. Motocin nan da ake lodowa a jiragen ruwa daga Beljiyam da Holan da Jamus sun yi rayuwarsu ta farko a kan hanyoyi shimfiɗaɗɗu, daga wannan magaza zuwa wancan. A can esiyen rakiya dabara ce mai kyau. Yana ba mota damar ɗaukar kaya da yawa bisa doka, bai kai pon na biyu nauyi ba, bai kai shi cin gazuwal ba, in an sauke kaya kuma a ɗage shi tayoyi su huta. Har tsofaffin ma'aikatansu da ke sayen manyan motocin yawo, masu ɗaki da gado da madafa a ciki, gardamar da suke yi ke nan, esiye ɗaya ko biyu a baya. Su in zaɓin bai yi kyau ba, hutu ne ya ɓaci. Namu mai sayen, abincin gida ne da bashin mutane a wuyanshi. Dubul-pon kuwa a Turai galibi ta wurin gini ce, ta ɗibar yashi da tsakuwa da gungume. Ba ta kai waccan yawa a kasuwa ba, ta fi tsada, kuma kafin ta iso mu ta riga ta sha wuya. Shi ya sa in aka ajiye maka guda biyu masu shekaru ɗaya, za ka ga 6x2 ta fi kyawun jiki, ta fi araha, kabin ɗinta fes. Ido can zai tafi.

To mu duba hanyarmu. Kwalta ta kirki da muke da ita ita ce RN1, wadda ta taho daga Ƙonni ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri, ta wuce Maraɗi, Caduwa, Agye, Gazawa, ta nufi Tasawa da Damagaram, sai kuma reshen da ya gangara Ɗan Isa. Amma ba a bakin kwalta ake noma kayan ba. Da zarar ka sauka daga kanta ka nufi ƙauyukan Gidan Sori, rairayi ne da sawun amalanke. A ɓangaren Gulbin Maraɗi da na Gulbin Kaba, da damana ta sauka laka ce da kwazazzabai. Wanda zai je inda aya take, da inda gero ke araha, dole ya shiga waɗannan wurare.

Ga abin da ke faruwa da 6x2 a irin wannan hanya. A kan kwalta nauyin baya yana rabuwa tsakanin esiye biyu yadda aka tsara. A hanya mai tudu da kwari kuwa, da pon ya faɗa ɗan rami alhali na rakiya yana bisa tudu, sai nauyin ya koma kan na rakiya, pon ya yi sakayau, tayoyinshi su riƙa juyawa suna haƙa ƙasa. Inji lafiya lau, gazuwal cike da tanki, amma mota ta zauna. Duk mun sha ganin haka ranar kasuwa: aparanti na haƙa da shebur, ana sare reshe ana cusawa, a ƙarshe a sauke buhu hamsin a ƙasa, a biya ƙarti su sake lodawa. Direban da ya san motar zai ɗage na rakiya don nauyi ya dawo kan pon, kuma wani lokaci hakan na fidda ta. Sai dai a wannan lokacin ton 18 ko 20 ne ke zaune kan pon da aka ƙera don ɗaukar 11 zuwa 13. Sau ɗaya a wata, babu laifi. Kowace ranar kasuwa kuwa, pon ɗin ba zai ga kaka biyu ba. Ga kuma balan-balan ɗin roba da ke ɗagewa da saukewa da iska: rana da ƙura na tsofar da su, ƙaya da kututture na huda su, kuma ba a gyara su da waya da tsumma a gindin bishiya yadda ake lallaɓa lam ɗin ƙarfe. Sai an aika Maraɗi, wani lokaci sai Kano.

Su kansu Turawan sun san rairayinmu. A 1959 da kamfanin Berliet na Faransa ya so ratsa Tenere da manyan motoci, masu 6x6 ya kawo, kowace ƙafa tana turawa. Ba mu ce kowa ya nemi irinsu ba, Gidan Sori ba Tenere ba ce. Amma ƙa'idar ɗaya ce: a rairayi, ƙafar da ba ta turawa kaya ce.

Wani zai ce to shi ke nan, a bar duk wannan, a sayi mai taya shida mai araha a loda mata yadda ake so. Abin da mafi yawa ke yi ke nan, kuma nan ne muke so mu ɗan daɗe.

A ranar 16 ga Disamban 2005, a Bamako, ministocin ƙasashen UEMOA suka amince da doka mai lamba 14 a kan nauyi da girman manyan motoci. Nijar ta fita daga CEDEAO, amma tana nan cikin UEMOA, saboda haka dokar na kanmu. Ta ce esiyen gaba ton 6. Esiyen baya guda ɗaya mai taya bibbiyu ton 12. Biyu a jere, daga ton 16 zuwa 20 a irin tazarar da aka saba gani tsakaninsu. Uku a jere, iyaka 25. Idan aka haɗa, mota mai esiye biyu ba ta wuce ton 18 da jikinta da kayanta, mai uku iyakarta 26, tirela mai esiye shida 51. Ku lura, da jikinta muka ce. Mai taya shida irin wannan, da karosarinta, ita kaɗai tana kai ton 7 ko 8. Abin da ya rage na kaya wajen ton 10 ne, wato buhu ɗari na gero mai tiya arba'in. Mai esiye uku, in ka cire nauyin jikinta, wajen buhu 140 zuwa 150. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kasuwar hatsi ya ƙirga abin da ake ɗora ma mai taya shida ya san inda muke da waɗannan lambobi.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin abin da aka ƙera mota ta ɗauka. A Mercedes lambar da ke jikin ƙofa tana faɗi: biyun farko nauyi ne da ton, biyun ƙarshe ƙarfin inji in ka ƙara sifiri. 1824 na nufin ton 18, doki 240. 2628 na nufin ton 26, doki 280. Tsohuwar 911 ta iyayenmu, mai dogon hanci, ton 9 ce da doki 110. A kowace marka kuma akwai ɗan faranti a jikin ƙofa ko shasi da aka rubuta nauyin kowane esiye. In motar daga Faransa ta fito za ka iya ganin ton 19 a mai esiye biyu, don dokarsu haka ta ce. A nan 18 ce.

Tara kuma dokar ta yanke ta: jika 20 a kan kowane ton da ya ƙaru in cikin ƙasa ne, jika 60 in kaya masu tsallaka iyaka ne. Wanda ya ƙara ton goma, jika 200 ke nan, in Jibiya za shi jika 600, ban da sauke rarar da ajiye ta a kan kuɗinshi. Kowa ya san ba kullum ake aiki da ita ba. An sha ɗage ta, an sha yin sassauci, kuma babu sikeli a hanyar ƙauye. Amma mutumin da ya gina lissafin biyan bashinshi a kan cewa ba za a taɓa auna shi ba, ya ba wani makullin gidanshi.

Ko da babu jami'i ko ɗaya a hanya, hanyar da kanta tana aunawa. Daga 1958 zuwa 1960 injiniyoyin Amurka sun shimfiɗa hanyoyin gwaji a jahar Ilinoyi, suka riƙa bin su da manyan motoci dare da rana, suna duba yadda kwalta ke lalacewa. Abin da suka gano shi ake koya ma injiniyoyin hanya har yau: ɓarnar da esiye ke yi ba daidai da nauyinshi take ƙaruwa ba. In ka ninka nauyi sau biyu, ɓarnar takan ninka wajen sau 16. Pon ɗin da doka ta ba ton 12, in ka ɗora mishi 18, wucewarshi ɗaya kamar wucewar biyar ce. Ton 20 a kan pon ɗaya yana cin hanya wajen sau takwas fiye da ton 20 ɗin nan in an raba shi kan esiye biyu. Ramukan nan da suke buɗewa a RN1 bayan kowace damana, da sawun taya da ke lotsa kwalta kamar kunya a gona, ba babura suka yi su ba, ba ƙananan motoci ba. Mu ne kuma ke biyan peyaj, mu ne ke bin ramukan da mara lafiya zuwa asibitin Maraɗi.

Sannan birki. An ƙera shi ya tsai da ton 18, an ba shi 30. Ranar kasuwa kuma ba buhuna kaɗai ke bisa ba. Iyayenmu mata na can sama da goyo, da yara, da awaki a ɗaure. Kayan sun yi tsawo, nauyi ya koma sama, taya ɗaya ta baya ta fashe a kwana, sauran kun san shi, mu ke karanta sanarwar ta'aziyya washegari.

Masu motoci suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sun ce kuɗin buhu ya yi kaɗan. Gazuwal, ko bayan da aka sauke lita daga sefa 668 zuwa 618 a Yulin 2024, shi ke cinye kaso mafi girma. Ga peyaj, ga na kamasho, ga abin da ake miƙawa a shingaye, ga dawowa wayam ba kaya. In sun tsaya ga buhu ɗari, in ji su, tafiyar ba ta fidda kanta. Mun yarda da lissafin, mun kuma yarda cewa in hukuma na son a bi sikeli, sai ta rage hannuwan da ke bakin hanya. Amma a duba ɗaya gefen. Kuɗin buhu ya faɗi ne don kowa na lodin biyu a tafiya ɗaya, ɗan kasuwa ya saba, ba zai biya fiye ba. Rarar da mai mota ke gani a hannu da yamma, bashi ce ya ci daga tayoyinshi da lam da ambirayaj. Ku tambayi kuɗin taya ɗaya ta babbar mota a Maraɗi, ku tambayi wata nawa take yi a ƙarƙashin lodin ƙa'ida, wata nawa kuma a ƙarƙashin wancan. Masu sai da taya sun fi kowa sanin amsar, don su ke cin ribar.

Akwai kuma dabarar garaji da ta yi yawa. A sayi mai taya shida, a ƙara mata ganyen lam har ta sandare kamar gungume, wani ma a tsawaita shasi da walda a liƙa mata esiyen da aka ciro daga matacciyar mota. Makanikanmu gwanaye ne, babu mai musu, abin da suke tayarwa wani wuri da tuni an narke shi. Amma ƙarin lam ba ya ƙara ƙarfin pon, ba ya ƙara birki, bai kuma canza abin da ke rubuce a kart giriz ba. Dukan da lam ya daina shanyewa, shasi ke shan shi, sai wata rana ya tsage daidai inda aka yi waldar. Ranar da tsautsayi ya faru kuma, takarda na cewa esiye biyu, mota na da uku, kar mai ita ya yi mamaki in masu asirans suka juya mishi baya.

To wacce za a saya? Ba ma jin tsoron faɗin ra'ayinmu. Wanda aikinshi kasuwannin ƙauye ne, yau nan gobe can, buhu sittin, tamanin, ɗari, mai taya shida ta ishe shi, da sharaɗi biyu: ta kasance mai lam ɗin ƙarfe a baya, kuma pon ɗinta na da bulokaj, wato makullin nan da ke sa tayoyin dama da na hagu su juya tare in ɗaya ya fara zamewa. Ba ta da nauyi, tana juyawa a lungun gari, taya shida kaɗai za ka saya mata, kuma in ta kafe mutum ashirin na iya fidda ta. Sai mai ita ya yi haƙuri da buhu ɗarinshi. Wanda ke da tabbacin kaya masu yawa, kamar mai tara aya daga ƙauyukan Agye da Caduwa ko mai ɗibar yashi da marmara, kuma dole ya sauka daga kwalta, dubul-pon ta gaskiya ce tashi. Ya sani tun yanzu tana shan gazuwal fiye da sauran, taya goma ce, kuma in tana yawo rabin ciki asara take yi. In kuɗin mutum ɗaya ba su kai ba, gara ƴan uwa uku ko ƙungiyar manoma su haɗa su sayi guda mai kyau, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, da kowa ya sayi rabin mota shi kaɗai. Ita kuma 6x2 ba mu ce mugunyar mota ba ce. Wanda zai tsaya kan kwalta, Maraɗi zuwa Damagaram, Maraɗi zuwa Katsina da Kano, daga magaza zuwa magaza, za ta yi mishi aiki, ta rage mishi mai. Amma ya tambayi kanshi tsakani da Allah: ranar da aka kira shi ɗaukar kaya masu tsoka a ƙauye kilomita ashirin daga kwalta, zai iya cewa a'a?

Wani abu ma da ya kamata mai sayen motar kwalta ya sa a rai: a Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Katsina, Jibiya har Maraɗi, kilomita 284. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar kaya, doguwar tafiyar kwalta ce za ta fara samun kishiya. Jirgi ba zai shiga Gidan Sori ya ɗauko wake ba. Wannan aikin na motar da ke iya taka rairayi ne.

Maganar inji a taƙaice, don tana tafiya tare da ta ƙafafu. Tun wajen 2006 manyan motocin Turai da yawa suka koma amfani da wani ruwa mai suna AdBlue don rage hayaƙi, na 2014 zuwa sama kuma an ƙara musu matatar toka a bututun hayaƙi. Injuna ne masu kyau, amma suna son mai tsabtatacce, kuma in fitila ta kunna sai an kawo kwamfuta. Wanda zai riƙa zuba gazuwal na jarka a bakin hanya ya yi nesa da su. Tsofaffin masu pamp ɗin ƙarfe kowane makaniki ya san cikinsu, sai dai su ma shekaru sun ja. Kafin ka zaɓa, zagaya masu sai da piyes a Maraɗi ka tambayi kayan wannan samfurin, musamman na pon da na buwat. In sun ce sai an yi oda, ka ji amsarka. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, jira ya ƙaru, kuma motar da ke jiran piyes wata biyu ba ta hana mai bashi zuwa ƙofar gida.

Ranar saye, kar ka tafi da abokin da zai taya ka yabon fenti. Tafi da makanikinka, wanda kai ka biya mishi kuɗin mota, ba wanda dillali ya kira ba. Ku tafi da sassafe a ta da injin yana sanyi, ku duba hayaƙi: shuɗi na nufin yana cin man inji, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ya yi zafi alamar ruwa ce ko matsalar allurai. Kar ku gaskata kilomitan da ke allo, ana mai da shi baya. Ku duba gefen kowace taya, akwai lambobi huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya na iya zama da zane sabo amma ta shekara goma, irin wannan zafin Afrilu ba ya barin ta. Ku haɗa lambar da aka buga a shasi da wadda ke kart giriz da takardun duwan, harafi da harafi. In an ce a ba da kuɗi takardu na zuwa daga baya, a bar kuɗin a aljihu har su zo.

Sannan a shimfiɗa tabarma a shiga ƙarƙashi da cocila. A bi shasi daga gaba har baya ana neman tsaga, da sabuwar walda, da wurin da aka shafa baƙin fenti kwanan nan. A ƙwanƙwasa da guduma inda tsatsa ta yi, don a Turai gishiri suke watsa ma hanya lokacin ƙanƙara, kuma yana cin ƙarfe daga ciki. A kwance murfin man pon a taɓa: in akwai ɓarɓashin ƙarfe a yatsa, haƙoran ciki sun fara tafiya. A kunna bulokaj a tabbata yana shiga yana fita. In mai esiye biyu ce a baya, a ƙirga tukwane. Biyu, da ɗan gajeren ƙarfe mai juyawa tsakaninsu, dubul-pon ce. Ɗaya, da miƙaƙƙiyar sanda a gabanta ko a bayanta, 6x2 ce, ko me aka kira ta a filin, kuma kuɗinta ya kamata a biya.